Kwid: Sunan da Mutanen Ingila Suka Laƙaba wa Fam

 Yau maganar kuɗi za mu yi, kuma na san in dai an ambaci masu gidan rana, ko mai gyangyaɗi sai ya farka.

Abin da ya jawo zancen shi ne wata wasiƙa da wani mai sauraronmu ya aiko daga Damagaram. Ya ce ƙanensa yana aiki a birnin Bamingam na ƙasar Ingila, ya yi masa saƙon murya ana gab da salla, yana Hausa yana surkawa da Turanci kamar yadda 'yan ci-rani kan yi, ya ce zai turo wa tsohuwa "kwid hamsin". Bawan Allah ya nufi wurin 'yan canji yana tambayar nawa ake sayen kwid. Na farko ya ce bai taɓa jin kuɗin ba. Na biyu ya ce wataƙila irin kuɗin intanet ɗin nan ne. Ya koma gida ransa a jagule, yana zaton ƙanensa ya faɗa hannun 'yan damfara. To malam, kwantar da hankalinka. Ƙanenka fam hamsin yake nufi, fam na Ingila, wanda Sarki Charles da marigayiya mahaifiyarsa suke jikin takardunsa. Kwid ba wani kuɗi ba ne na dabam. Laƙabi ne kawai, kamar yadda mutumin Kano zai ce maka "ba ni Murtala" yana nufin naira 20, saboda hoton Janar Murtala Muhammed da ke jikinta.

Da Turanci ana rubuta kalmar "quid", a furta ta kwid. Kwid ɗaya fam ɗaya ne cif, ba ƙari ba ragi. Abin da ya kamata mai koyon Turanci ya lura da shi shi ne kalmar ba ta canzawa in kuɗin sun yi yawa. Turanci ya saba ƙara harafin s a ƙarshen suna in abu ya wuce ɗaya, amma a nan ba a yi. Kwid ɗaya, kwid goma, kwid dubu, duk haka ake faɗi. Mu Hausawa wannan ba zai ba mu wahala ba, don mu ma "naira goma" muke cewa, ba mu cewa "nairori goma". Wanda ya ƙara s ɗin nan a kasuwar Landan, nan take mai shago ya gane baƙo ne, kuma kun san yadda baƙo yake ƙarewa da mai shago a ko'ina cikin duniya.

Sai kuma sanin wurin da ake faɗinta. Kalma ce ta baka, ta kasuwa da tasha da hirar abokai. Ba zagi ba ce, ba ta kuma rashin tarbiyya ba ce. Likita zai faɗe ta, ɗan majalisa zai faɗe ta in yana hira, jaridun da ke son kanun labari mai jan ido suna buga ta. Amma ba za ka gan ta a takardar banki ko yarjejeniyar haya ko takardar albashi ba. Can sai dai "pound", ko alamar £, ko haruffa uku GBP. Saboda haka mai sauraronmu na Damagaram, in ka koma wurin ɗan canji, ce masa fam na Ingila.

Yanzu bari mu koma baya kaɗan, don kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Tana cikin wani wasan kwaikwayo da Thomas Shadwell ya rubuta a 1688, inda ya sa ta a bakin 'yan zaman banza na wata unguwar Landan da masu gudun bashi suke fakewa. A wancan zamani ba takardar kuɗi ake nufi da ita ba, tsabar zinariya ce guda. Ku riƙe shekarar nan, 1688, za ta yi mana amfani anjima. Bankin Ingila kansa sai a 1694 aka kafa shi, kuma bai buga takardar fam ɗaya ba sai 1797. Ke nan kwid ta girmi bankin, ta kuma girmi takardar fam da fiye da shekara ɗari.

Wace tsabar zinariya ce ke yawo a Landan a lokacin? Nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Tun 1663 Ingila take buga wani kuɗin zinariya da ake kira gini. An sa masa wannan suna ne saboda zinariyar daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma ake kwaso ta, yankin da Turawa ke kira Gini gaba ɗaya, kuma mai yawa daga cikinta daga ƙasar da yau muke kira Ghana ta fito. Wasu daga cikin tsabar har da ɗan hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki, tambarin kamfanin da ya kawo zinariyar. Kamfanin nan kuwa ba zinariya kaɗai yake lodi ba. Jiragensa sun kwashi dubban mutane daga wannan gaɓa zuwa bauta a ƙetaren teku. Masu sauraronmu na zangon Kumasi da Ankara, in kun ji Bature yana cewa kwid cikin raha, ku san kalmar ta yi ƙuruciyarta ne tare da zinariyar ƙasarku.

Da farko gini ɗaya fam ɗaya ne, wato sule 20. Amma darajar zinariya ta riƙa hawa da sauka, har ya taɓa kai sule 30, sai a 1717 aka tsayar da shi a sule 21. An daina buga shi a farkon ƙarni na 19, a 1817 aka fito da wata tsabar zinariya mai suna sobarin wadda ta tsaya a fam ɗaya daidai, laƙabin kwid ya zauna a kanta, daga nan ya bi fam duk inda ya shiga. Shi kuwa gini, duk da an daina buga shi, sunansa bai mutu ba. Har gobe a garin Newmarket ana gwanjon dawakan sukuwa da lissafin gini, kowane ɗaya fam ɗaya da kwabo biyar na sabon lissafi. Sannan 'yan uwanmu na Sudan, kuɗin da ke aljihunku, junaihi, da na Masar, sunansu daga wannan gini ya samo asali. Kalma ta tashi daga Afirka ta je Landan, ta dawo ta bakin kogin Nilu da rawani.

To daga ina ita kalmar kwid ta fito? A nan masana Turanci ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, manyan ƙamusoshinsu ma cewa suke asalinta bai tabbata ba. Bayani uku ne suka fi yawo.

Wanda ya fi samun karɓuwa shi ne na Latin. A harshen Latin "quid" na nufin "me" ko "wani abu". Akwai kuma tsohuwar magana da lauyoyi da masu haɗa magani suka daɗe suna amfani da ita, "quid pro quo", wato wani abu a madadin wani abu, ba ni gishiri in ba ka manda. A zamanin da duk wanda ya shiga makaranta a Ingila sai ya sha Latin, ba abin mamaki ba ne ɗalibai da magatakardan kotu su riƙa kiran kuɗi "abin nan" da Latin don wasa. Ni dai wannan bayani ya fi kwanta mini, saboda mu ma haka muke yi. Mutum ya zo karɓar haƙƙinsa, kunya ta hana shi ambaton kuɗi, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, ina ɗan abin nan?" Kowa ya gane. Kuɗi abu ne da mutane ke son riƙewa amma ba su son kiran sunansa a fili, shi ya sa kowane harshe yake da laƙabinsa rututu.

Na biyu ya ce daga Ayalan ta zo. A harshen mutanen can akwai kalma "cuid", ma'anarta rabo ko kaso, suna cewa "mo chuid", rabona. Wai sojojin Ayalan da ke cikin rundunar Ingila ne suke faɗin haka ranar albashi, Ingilishi suka ɗauka. Labari ne mai daɗin ji, sai dai babu tsohon rubutu da ya mara masa baya.

Na uku shi ne wanda za ku fi gani a intanet: wai akwai wani ƙauye mai suna Quidhampton a lardin Hampshire inda ake yin takardar da ake buga kuɗi a kanta, sai aka gutsure sunan ƙauyen aka ba kuɗin. Gaskiya ne an daɗe ana yin takardar kuɗin Bankin Ingila a wancan yanki. Amma ku tuna shekarar da na ce ku riƙe. Kalmar tana bakin mutane a 1688, lokacin babu Bankin Ingila, babu takardarsa ta fam. Ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya. Wannan bayani ku ajiye shi gefe.

Akwai kuma wata kwid ɗin da ba ta da dangantaka da kuɗi ko kaɗan, rubutu ɗaya, furuci ɗaya. Ita ce ɗan curin taba da mutum ke dannawa a kunci yana tsotsa, irin yadda dattawanmu ke yi da garin taba da kanwa. Wannan asalinta a fili yake. Daga tsohuwar kalmar Ingilishi ta abin da saniya ko raƙumi ke dawowa da shi baki yana tuƙa ta fito, wadda a Turancin yau ake cewa "cud". Matuƙan jiragen ruwa na da su ne gwanayen wannan tauna, don kunna wuta a jirgin katako mai ɗauke da albarushi neman ajali ne. Likitoci har yanzu suna amfani da kalmar in suna maganar abin taunawar nan na Indiya da maƙwabtanta, wanda ake naɗe wani ɗan ƙwallo da farar ƙasa a cikin ganye, wani lokaci har da taba. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Don haka ɗalibin likitanci da ya ci karo da "betel quid" a littafi, kada ya fara lissafin canji.

Ku kuma da kuka yi makaranta da Faransanci, a Nijar ko Kamaru ko Chadi, akwai rami biyu a gabanku. Na farko, Bafaranshe in ya ce "quid" tambaya yake yi, ma'ana "ina labarin kaza?" Wasunku ma za su tuna wani ƙaton littafi mai wannan suna da ake bugawa shekara-shekara a Faransa daga 1963 zuwa 2007, cike da alƙaluma da bayanai, wanda malaman makaranta ke ji da shi. Rami na biyu ya fi zurfi. A Faransanci "quiproquo" rashin fahimta ne, a ɗauki wani a matsayin wani, irin abin da ke ba da dariya a wasan kwaikwayo. A Turanci kuwa "quid pro quo" musaya ce, yi mini in yi maka, kuma sau da yawa da ƙanshin cin hanci a ciki. Wannan magana ce ta cika kafofin labarai a 2019, lokacin da majalisar wakilan Amurka ta tuhumi Shugaba Donald Trump kan batun taimakon soja ga Yukiren. Mai fassara da ya ɗauki ma'anar Faransanci ya ɗora a kan labarin Turanci, ya mai da zargin ciniki ya koma kuskuren fahimta, kuma tsakanin biyun akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Mu dawo kan kuɗi. Na ce muku ba a ƙara wa kwid harafin s, amma akwai wuri ɗaya da ake yi. In Bature ya ce shi "quids in" ne, yana nufin ya ci riba, kakarsa ta yanke saƙa. A Ostareliya da Niyu Zilan kuma, in aka ce wani "not the full quid", wato bai cika fam ba, ana nufin akwai ɗan motsi a kansa, ko kuma dai wayonsa bai kai ba. Abin sha'awa, Ostareliya ta bar fam ta koma dala tun 14 ga Fabrairu 1966, Niyu Zilan ta bi sahu a 1967, amma maganar ta ƙi tafiya. Kuɗi kan mutu ya bar sunansa a baki. Wa zai ba mu labarin wannan? Nijeriya ta bar fam ta kama naira ranar 1 ga Janairu 1973, Ghana ta riga ta da sidi tun 1965, amma har yau mutum in ya tsiyace cewa yake ba shi da ko sisi, ko anini. Yaron da ke faɗin haka bai taɓa ganin sisi da idonsa ba.

Sisin nan ma daga Turanci muka ara, daga sunan tsabar kwabo shida. Fam daga "pound", sule daga "shilling", kwabo daga kalmarsu ta jan ƙarfe. Su kuma can gida suna da nasu laƙabin: sule "bob" suke ce masa, sisi kuma "tanner". Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, wato fam kwabo 240, lissafin da ya sha kan 'yan makaranta a Landan da Kano baki ɗaya. Ranar 15 ga Fabrairu 1971 Birtaniya ta sauya, fam ya koma sabon kwabo 100. Sule da sisi suka kwanta dama, "tanner" ta bi su. "Bob" ta yi hijira, tana nan da ranta a Kenya, inda har yau haka suke kiran sulensu. Kwid kuwa ko gezau, don fam ɗin bai canza ba. An fito da tsabar fam ɗaya a 1983, aka janye takardarsa ta Bankin Ingila a 1988, aka sake sabuwar tsaba mai kusurwa 12 a 2017, duk sunanta kwid.

Ga wani wuri da ya kamata a yi hattara, musamman masu 'yan uwa a Turai. A Jamhuriyar Ayalan, da can suna da nasu fam, suna ce masa kwid. Da suka karɓi takardun yuro a 2002, sai laƙabin ya koma kan yuro. Saboda haka kwid hamsin daga Dublin yuro hamsin ne, kwid hamsin daga Bamingam fam hamsin ne, kuma fam ya fi yuro nauyi. Yuro dai kun san a ɗaure yake da sefa, kowane ɗaya sefa 655.957, don haka yuro hamsin jika 33 ne ba kaɗan, yau da gobe duk ɗaya. Fam kuwa ba a ɗaure yake ba, yana hawa yana sauka, sai ka tambayi farashin ranar. A Belfast, da yake Ayalan ta Arewa ƙarƙashin Birtaniya take, kwid fam ne, ko da yake tsibiri ɗaya ne da Dublin.

Kada wannan ya ba mu mamaki, mu da muke zaune a bakin iyaka. Bakano ya zo kasuwar Maraɗi aka ce masa jika biyar, shi a kansa jaka naira 200 ce, gadon zamanin da jaka take fam 100, alhali mai kaya sefa 5,000 yake nufi. Dala a Nijar sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, a bakin ɗan canjin Wapa kuwa dala kuɗin Amurka ne. A Chadi ka ji riyal, ka zaci na Saudiyya ne, ashe sefa 5 ce. Na taɓa ganin ciniki ya watse a tasha, har an kai ga cin kwala, a kan kalmar dala kaɗai, kowa na rantsuwa shi ne mai gaskiya, kuma dukansu gaskiyar suke faɗi.

Tunda masu sayen tsofaffin motoci da kayan gyara da wayoyi daga Ingila sun yi yawa a cikinmu, bari in ƙara muku 'yan uwan kwid, don dillalan can ba su cika faɗin adadi kai tsaye ba. Takardar fam 5 "fiver" ce, ta fam 10 "tenner". In ka ji "score", fam 20 ne. "Ton" fam 100. "Grand" fam 1,000, kuma ita ma ba a ƙara mata s, wanda ya ce maka "two grand" fam 2,000 yake nema. Sai biyu masu ban dariya da suka fi yawa a bakin 'yan kasuwar Landan da masu cacar sukuwa: "pony", wato ƙuru, ɗan guntun doki, fam 25 ne, "monkey" kuwa, wato biri, fam 500. Ana ba da labarin cewa sojojin da suka dawo daga Indiya ne suka kawo sunayen daga hotunan dabbobin da ke jikin takardun rufi, amma shi ma wannan labari ne irin na Quidhampton, yana yawo ba shaida. Abin da ke da tabbas shi ne adadin. Wanda ya ce zai sayar maka da injin mota a kan biri ɗaya, ba dabba yake nema ba.

Mutanen gabashin Landan, waɗanda ake kira Kokni, suna da wani salon zaurance na kansu, inda suke musanya kalma da wata magana mai amo iri ɗaya a ƙarshe. Fam 5 sai su kira ta da sunan wata baiwar Allah ta tarihin garin Coventry, Lady Godiva, don ƙarshen sunan ya yi amo da "fiver". Wannan zaurance fili guda yake buƙata, ba za mu taɓa shi yau ba.

Shawarata ga mai ciniki da mutumin Ingila ta waya ita ce, duk laƙabin da ya faɗa, ka ce ya rubuto maka adadin da lambobi, da alamar kuɗin a gaba, £ ko €, kafin ka tura ko sisi. Ba zai ji haushi ba, su ma a tsakaninsu haka suke yi in kuɗin sun yi kauri. Mai sauraronmu na Damagaram kuma, ka gaida tsohuwa, ka ce wa ƙanen naka in zai sake turo saƙo ya yi mana Hausa zalla, ya ce fam.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.